Daga karan dawa zuwa yumɓun roba: Neman 'yar tsana mai kama da 'ya'yan Damagaram

Ana saura kwana huɗu ƙaramar Sallah na shiga Kasuwar Dole ta birnin Damagaram tare da 'yar yayata mai shekara shida, da niyyar in saya mata takalmi. Cinikin takalmin bai ɗauke mu minti goma ba. Teburin mai kayan wasa ne ya tsayar da mu.

'Yan tsana ne rataye cikin leda, farare sol, gashinsu ruwan zinare, idanunsu shuɗaye. Na duba daga farkon layi har ƙarshe ban ga baƙa ko ɗaya ba. Yarinyar ta nuna wadda take so, na biya jaka ɗaya da rabi. A hanyar gida na tambaye ta abin da ya burge ta da ita. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce: "Tanti, ai ita fara ce, ta fi ni kyau."

Kwana uku bayan Sallah hannun 'yar tsanar ya cire, aka rasa yadda za a mayar da shi. Ita ta manta, amma maganar tata ta tsaya mani a rai. Da na ba yayana da ke ci-rani a Beljiyam labari, sai ya turo mani wani bidiyo ta WhatsApp: wata mata zaune a ɗakinta tana gina 'yar tsana da hannu, gaɓa bayan gaɓa, da wani abu mai kama da yumɓu. Da ta gama, 'yar tsanar ta zauna, ta durƙusa, ta yi tagumi kamar mutum. A ƙarƙashin bidiyon ya rubuta: "Mutanen Mirya ba za su iya wannan ba?"

Tambayar nan ce ta haifar da wannan rahoto.

Abin da iyayenmu suka yi wasa da shi

'Yar tsana ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakata, wadda aka haifa a Birni, takan ba mu labarin tata: karan dawa ne ake ferewa a ɗaura masa tsumma, ko totuwar masara wadda gemunta ke zama gashi, ko kuwa ƙashin ƙafar ragon layya, a wanke shi tas a yi masa kitso da zare. Yarinya ta goya ta, ta yi mata wanka, har a tara ƙawaye a yi mata biki da 'yan tukwane da 'yan faifai. Yara maza kuwa damina suke jira, su tafi bakin tafki su ɗebo laka su gina shanu masu tozo, da dawaki, da raƙuma.

Babu wanda yake sayen waɗannan abubuwa. Yaro ne yake ƙera abin wasansa, kuma abin da yake gani a gidansu shi yake kwaikwaya.

Ginin siffa da yumɓu ma ya daɗe a wannan yanki namu. A 1975 aka gano makabartar Bura da ke yammacin Nijar, kusa da Tera, kuma a 1983 masanin tarihi Boube Gado ya jagoranci tonon ta. An fito da kawunan mutane da mahayan dawaki na gasasshen yumɓu, waɗansu sun haura shekara dubu. Kyansu ya ja hankalin ɓarayin kayan tarihi, har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke fuskantar haɗarin wawashewa. A Najeriya kuma akwai siffofin Nok na kudancin Kaduna, waɗanda suka wuce shekara dubu biyu.

A nan kusa, kimanin kilomita 18 gabas da Zinder, garin Mirya yana nan da maginansa. Duk wanda ya tashi a Damagaram ya sha ruwan randa ko tulun Mirya. Sai dai bokitin roba da jarka da kwanon silba sun daɗe suna cinye wa magina kasuwa, kamar yadda 'yar tsanar leda ta kori ta kara.

Mece ce 'yar tsana mai gaɓoɓi?

A intanet ana taƙaita sunanta da haruffa uku, BJD. Sirrinta yana cikin jikin ɗan Adam. Taɓa kafaɗarka: kan ƙashin hannu dunƙulalle ne, yana juyawa cikin wani gurbi. Haka ake yi wa wannan 'yar tsana. Ana gina kai daban, ƙirji daban, ƙugu, dantse, sangali, cinya, ƙwauri, tafin hannu da na ƙafa, kowane daban, kuma kowane da rami a cikinsa. A kowace mahaɗa akwai ƙwallo da gurbinsa. Igiyar roba mai miƙewa, irin ta ƙugun wando amma mai kauri, ita ke ratsa cikin jikin ta ɗaure komai. Ɗaya takan taso daga wuya ta sauka ƙafafu biyu, ɗaya kuma ta ratsa ƙirji ta haɗa hannuwa, a maƙale bakinsu da 'yan ƙugiyoyin ƙarfe. Jan da robar ke yi shi ke sa gaɓa ta tsaya a inda aka ajiye ta.

Amfanin wannan tsari shi ne komai yana gyaruwa. Idan roba ta saki a canza ta, idan hannu ya karye a gina wani. Da irinta 'yar yayata ta samu, da hannun nan bai kai ta juji ba.

Masu ƙera 'yan tsana a Jamus da Faransa sun yi amfani da irin waɗannan gaɓoɓi tun ƙarshen ƙarni na 19, da kawunan tangaran. Amma yayin da ake ciki yanzu ya taso ne daga Japan, lokacin da kamfanin Volks na birnin Kiyoto ya fitar da Super Dollfie a 1999, mai tsawon kusan santimita 60. Daga nan kamfanonin Koriya ta Kudu da China suka shigo. Akwai matsakaiciya mai santimita 40 zuwa 45, da ƙarama mai wajen 26. Ta kamfani takan kai ɗaruruwan dalolin Amurka, kuma yawancin masu saye manya ne masu sha'awar tarawa, da ɗinka musu kaya, da ɗaukar su hoto. Tsadar nan tana cikin abin da ya sa mutane da dama suka koma gina tasu a gida.

Yumɓun da ba na ƙasa ba

Abin da matar cikin bidiyon take murzawa sunansa kawai yumɓu. Roba ce, irin PVC ɗin da ake bututun famfo da ita, an niƙa ta gari an kwaɓa da wani mai da ke tausasa ta. Ba ya bushewa a iska, don haka mai aiki na iya ajiye fuska rabi ya dawo bayan mako ya ci gaba. Zafi kaɗai ke sandarar da shi.

Asalinsa ma daga gidan 'yan tsana ne. A ƙarshen shekarun 1930 wannan sinadari ya shiga hannun Käthe Kruse, shahararriyar mai ƙera 'yan tsana a Jamus. 'Yarta da ake kira Fifi ce ta sarrafa shi ya zama abin gini. Kamfanin Eberhard Faber ya sayi fasahar a 1964, ya fara sayar da shi da sunan FIMO a 1966. A Amurka kuma akwai Sculpey, wanda shi ma ya fito a shekarun 1960.

FIMO yana gasuwa a maki 110 na ma'aunin Salsiyas cikin minti 30, Sculpey kuma a wajen maki 130. Tukunyar ƙasa kuwa sai wuta ta kai maki ɗari shida ko fiye. Ke nan tanderun gasa kek ya isa. Amma akwai sharaɗi: zafin ya tsaya daidai. Idan ya gaza, aikin ya fito da gautsi. Idan ya zarce har ya ƙone, yana fitar da hayaƙi mai cutarwa. Shi ya sa masu sana'ar suke sa ma'aunin zafi cikin tanderun, suna buɗe tagogi, kuma ba sa haɗa kayan aikinsu da na girki.

Yadda ake gina ta

Aikin yana farawa ne a kan takarda. A zana 'yar tsanar da ainihin girmanta, ta gaba da ta gefe, a sa alama a kowace gaɓa. Duk abin da za a gina sai an riƙa ɗora shi a kan zanen, in ba haka ba ƙafa ɗaya ta fi ɗaya.

Sai ciko. Ana dunƙule takardar alminiyam a yi siffar kai da gangar jiki, hannuwa da ƙafafu kuma a naɗe ta a jikin sanda siririya domin a bar wa roba hanya. A lulluɓe da yumɓun roba mai kaurin 'yan milimita, a gasa, a yanka a zaro cikon. An samu ɓawo ke nan, wanda za a ci gaba da ɗora wa tsoka, da kumatu, da leɓe, da yatsu. Ana iya gasa shi sau da yawa, kuma wannan na cikin abin da ya sa ake son shi.

Gaɓoɓi su ne jarrabawar. Dole ƙwallon ya zama dunƙulalle sosai, shi ya sa da yawa suke amfani da duwatsun ado na katako. Bayan ƙwallon ya yi tauri sai a danna shi cikin ɗanyen yumɓu ya fitar da gurbinsa daidai da shi, a tsaga masa hanyar da roba za ta bi idan gaɓar ta lanƙwasa. Daga nan sai goga da sanfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, aikin da ya fi kowane cin lokaci. Ana so a jiƙa sanfefar ko a rufe hanci saboda ƙurar.

Ƙarshe shi ne kwalliya: a zana gira da leɓe da garin alli mai launi da fenti, a fesa abin da zai riƙe launin, a sa idanu ta cikin kai, a ɗinka hular gashi. Wanda yake son ya sayar da yawa yakan yi wa aikinsa na farko mazubi na silikon, ya riƙa zuba rezin, wani ruwan roba mai daskarewa, ya fitar da irinta goma ko ɗari. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukunyar alminiyam ya san wannan dabara.

Gwajin da na yi da yumɓun Mirya

Gani ya kori ji. Da yake yumɓun roba sai an yi saƙon sa daga nesa, na je Mirya na sayo curin yumɓun da aka riga aka kwaɓa. Dattijon da ya sayar mani ya kalli zanen da ke hannuna ya yi dariya, ya ce: "'Yata, ki shanya a inuwa. Yumɓu ba ya son gaggawa."

Ban ji ba. Na gina guda goma sha ɗaya, na jera su a rana, kafin la'asar cinyoyin biyu da ƙirjin sun tsage. A karo na biyu na gina kowace gaɓa a jikin siririn kara da na naɗe da takarda, na zare shi da yumɓun ya fara ƙarfi, na rufe da jiƙaƙƙen tsumma, na bar su mako guda a ƙarƙashin gado. Aka sa mani su cikin wutar tukwane, tara suka fito lafiya, biyu na sake.

A nan na fahimci bambancin. Yumɓun ƙasa yana ƙanƙancewa idan ya bushe ya sha wuta, wani lokaci har kusan kashi ɗaya cikin goma, na roba kuwa da kyar yake motsi. Ƙwallayena da gurabensu suka daina dacewa. Da na ja robar, bakin gwiwa ya ɓantare. Gaɓoɓin suna ƙara, suna zamewa.

Maganin ya fito daga inda ban zata ba. Masu wannan sana'a a ƙasashen waje suna manna 'yar fata mai laushi a cikin gurbi domin gaɓa ta kama. Na je wurin wani baduku ya ba ni ragowar jar fatar akuya kyauta, na yanka ƙanana na manna. Ƙarar ta ɗauke, hannun ya tsaya a sama. 'Yar tsanata ba ta iya tsayuwa, tana da nauyi, fuskarta kuma ba abin nunawa ba ce. Amma tana zama, tana juya kai, kuma launinta ja ne mai duhu irin na tulu.

Hannuwan suna nan

Abin da gwajin ya nuna mani shi ne wannan ba sana'ar mutum ɗaya ba ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tana buƙatar magini, da baduku, da tela, da mai kitso, da maƙerin da zai lanƙwasa ƙugiya, da mai waya da ya iya ɗaukar hoto. Dukansu akwai su tsakanin Birni da Zango da Sabon Gari. Garin da maƙeransa suka zuba igwa a zamanin Sarki Tanimun a ƙarni na 19, wanda dukawansa suka yi suna a faɗin Nijar, wanda maginansa suka zayyane fuskokin gidajen Birni, ba ƙwallo da gurbi ne za su gagare shi ba.

Ga kuma matasa. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram ce ta fi kowace yawan jama'a a Nijar, da mutum fiye da miliyan uku da rabi, kuma kusan rabin 'yan ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder da Aisha Macky ta fitar a 2021 a kan matasan Kara-Kara ya ga abin da rashin aikin yi ke haifarwa. 'Yar tsana ba za ta magance wannan ba. Amma sana'a ce da ake iya farawa a kan tabarma, da jarin da bai kai na kabu-kabu ba.

Kasuwar ma ba mafarki ba ce. A 2007 Taofick Okoya na Legas ya je neman baƙar 'yar tsana domin wata 'yar ɗan uwansa ya rasa, sai ya kafa Queens of Africa, har da wata mai suna Azeezah da ke wakiltar Hausawa. A 2014 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito yana sayar da 6,000 zuwa 9,000 a wata, ko da yake a China ake ƙera sassan jikin, a harhaɗa a Legas. A 2016 kuma Haneefa Adam ta yi suna a duniya da shafinta na Hijarbie a Instagram, inda take ɗinka wa 'yan tsana hijabi da dogayen riguna. Su biyun sun nuna akwai masu nema. Abin da ya rage shi ne jikin kansa ya fito daga hannunmu, da hancinmu da leɓenmu da goshinmu.

Maganar 'yar yayata ma tsohuwa ce. A shekarun 1940 masana halayyar ɗan Adam biyu, Kenneth da Mamie Clark, sun ajiye wa yara baƙaƙe a Amurka 'yan tsana farare da baƙaƙe, yawancinsu suka zaɓi farar a matsayin mai kyau. Kotun ƙolin ƙasar ta yi nuni da irin wannan bincike a hukuncinta na 1954 da ya haramta wariya a makarantu. A garin da man shafe-shafe na sauya fata ke cike da kantuna, bai kamata mu ɗauki zancen yarinya 'yar shekara shida da wasa ba.

Ina matsayin addini?

Duk wanda zai taɓa wannan sana'a a Damagaram sai an yi masa wannan tambaya, kuma tambaya ce mai kyau. Hanin yin mutum-mutumi sananne ne. Sai dai Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW), Abu Dawud kuma ya kawo labarin dokinta na wasa mai fukafukai. A kan haka Alƙali Iyad, babban malamin Malikiyya, ya tafi a kan cewa an keɓe 'yan tsanar yara mata daga hanin, kuma Ibn Hajar ya naƙalto hakan a matsayin ra'ayin mafi yawan malamai.

Waɗansu malaman na wannan zamani suna ƙyamar wadda aka fitar wa cikakkiyar fuska, shi ya sa ake samun 'yan tsana marasa ido da baki a kasuwannin Musulmi na Turai. Haka nan hukuncin abin wasan yarinya daban yake da na abin da babba zai girke a falo don ado. Mai niyya ya zauna da malaminsa tun kafin ya sayi kayan aiki. Tsarin gaɓoɓin dai bai dogara da fuska ba, yana aiki ko da an bar ta a shafe.

Inda gizo ke saƙa

Yumɓun roba kayan waje ne, ƙaramin ƙunshinsa giram 57 kacal, kuma 'yar tsana mai santimita 30 za ta ci da yawa. Zafin Afrilu da Mayu, da kan haura maki 40, yana iya fara sandarar da shi tun yana cikin leda, don haka sai an nema masa wuri mai sanyi, ko da gindin randa ne. Ɗaukewar wuta a tsakiyar gashi tana ɓata aikin mako guda. Sannan irin wannan 'yar tsana, da ƙugiyoyinta da ƙananan sassanta, ba ta jarirai ba ce, yaron da bai kai shekara uku ba yana iya haɗiye wani abu.

Saboda haka mai farawa ya koyi hannu da yumɓun Mirya, wanda ba ya cin kuɗi, ya ajiye na roba domin kai da tafin hannu da gaɓoɓi. 'Yan uwa da ke Faransa ko Beljiyam ko Amurka, inda ake samun sa a kantunan kayan zane, 'yan ƙunshi kaɗan da ma'aunin zafi ɗaya a cikin jakar tsaraba sun isa ƙane ko ƙanwa ta gwada. Su ne kuma masu saye na farko, domin 'ya'yansu da aka haifa a can sun fi kowa buƙatar abin da zai nuna musu gida. Wanda hannunsa ya faɗa, akwai baje kolin SAFEM na sana'o'in hannu na mata da ake yi a Yamai.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kai wa 'yar yayata abin da na gina, bayan telan unguwarmu ya ɗinka mata riga da zane da ragowar atamfa. Ta juya ta, ta ɗaga mata hannu, hannun ya tsaya. Ta ce kanta ya yi ƙwal. Kakata da ke zaune a gefe ta sa aka kawo mata baƙin zare da allura, ta ce a ba ta zuwa gobe. Yarinyar ta ce shuku take so, irin na kanta.